TSOHUWAR KWAMFUTA MA TANA JIN SABON HARSHE

A garuruwan kudancin Jihar Kaduna, kamar su Manchok da Kagoro da Zonkwa da Kafanchan, akwai samari da 'yan mata da suka duƙufa wajen koyon rubuta wa kwamfuta umarni, watau sana'ar nan ta haɗa manhaja wadda a yau ake cin abinci da ita ko'ina cikin duniya. Da yawa daga cikinsu da kwamfutocin gwanjo suke koyo, irin waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai ko na Legas kafin su iso ƙauye. Wannan ba abin kunya ba ne, domin Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma akwai wata matsala guda da takan karya wa mai koyo gwiwa tun tafiya ba ta yi nisa ba, kuma ita ce za mu duba a wannan mako.

Ga yadda abin yake faruwa. Ɗalibi zai ɗauki sabon littafi na harshen kwamfuta da ake kira C++, ya kwafi misali harafi bi harafi, ya danna maɓalli domin a fassara. Maimakon aiki, sai kwamfuta ta zubo masa jerin ƙorafe-ƙorafe, ta ce ba ta san wannan kalma ba, ba ta yarda da wancan layi ba. Ya duba, ya sake dubawa, bai ga inda ya kauce wa littafi ba. Daga nan sai ya yanke ɗayan hukunci biyu: ko dai ya ce kwamfutar ce ta tsufa, sai ya sami kuɗin sabuwa, ko kuwa ya ce shi ne ba shi da kai. Sau da yawa duka biyun ba haka ba ne. Abin da ya rage kawai shi ne a gaya wa kwamfutar ƙa'idar wace shekara ake so ta bi, kuma wannan aiki ne na minti biyar wanda ba ya cin ko kwabo.

ƘASAR JIRGI DA KWAMFUTOCINTA

Manchok yana cikin Ƙaramar Hukumar Kaura, kuma shi ne hedkwatar masarautar Moro'a, kusa da iyakar Jihar Filato. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kafanchan zuwa Jos ta ratsa ta nan. Kafanchan kuwa tun shekarar 1927 ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda hanyar da ta fito daga Fatakwal ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau tudun Jos. Saboda haka mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga batun ma'auni. Tsohon dogon da ya ratsa ƙasarsu faɗinsa milimita 1,067 ne, shi kuwa sabon dogon da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne. Taragon da aka ƙera domin ɗayan ba zai hau ɗayan ba, kome kyansa. Mai karatu ya riƙe wannan misali, domin shi ne ainihin abin da ke tsakanin sabon littafi da tsohuwar manhaja. Bambancin kawai shi ne, a wajen kwamfuta ba sai an tone ƙasa an sake shimfiɗa ƙarfe ba.

Haka kuma yankin ba baƙo ba ne ga tsofaffin kwamfutoci. A shekarar 1996 aka kafa Gidauniyar Fantsuam, wadda Malam John Dada yake cikin waɗanda suka assasa ta, ta kuma yi zamanta a Bayanloco, unguwar nan ta Kafanchan da sunanta ma ya samo asali daga wurin gyaran kawunan jirgi. Gidauniyar ta haɗa ba mata ƙananan rance da koyar da aikin kwamfuta, kuma da na'urorin da aka yi wa kwaskwarima ta riƙa koyarwa. A 2001 cibiyar koyo ta Bayanloco ta ci kyautar Hafkin ta sadarwa a Afirka. Daga baya gidauniyar ta kafa hanyar intanet marar waya mai suna ZittNet, ta kuma shiga wani yunƙuri tare da wani kamfani na Ingila na ƙera kwamfuta mai suna Solo, wadda aka tsara ta ci wuta kaɗan, ta kuma jure zafi da ƙura. Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, tun shekaru fiye da ashirin da suka wuce mutanen wannan ƙasa suka san yadda ake tsawaita ran ƙarfen kwamfuta. Abin da ya kamata a ƙara a kai yanzu shi ne sabunta harshen da ake koyarwa a kan wannan ƙarfe.

MENE NE ƘA'IDAR HARSHEN KWAMFUTA?

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Lambobi biyu kawai ta sani, sifiri da ɗaya. Shi kuwa ɗan Adam ba zai iya zama yana jera miliyoyin sifiri da ɗaya ba, don haka aka ƙirƙiro harsuna na tsakiya waɗanda mutum zai iya karantawa, aka kuma ƙirƙiro wata manhaja mai juya su zuwa lambobin na'ura. A cikin wannan bayani za mu kira wannan manhaja tafinta, domin aikinta ke nan.

Harshen C, wani Ba'amurke mai suna Dennis Ritchie ne ya tsara shi a ɗakin bincike na Bell a wajajen 1972. A 1979 wani mutumin ƙasar Danmak, Bjarne Stroustrup, ya fara faɗaɗa shi a wannan ɗakin bincike, kuma a 1983 aka raɗa wa sabon harshen suna C++. Da harsunan suka yaɗu, kowane kamfani ya riƙa ƙera tafintarsa da irin karinsa, har ya zama abin da aka rubuta a nan ba ya aiki a can. Wannan ya sa aka miƙa al'amarin ga hukumar daidaita ma'auni ta duniya, watau ISO, domin ta fitar da ƙa'ida guda da kowa zai bi. Masu karatunmu sun san irin wannan aiki a gida, domin haka aka yi ta zama a kan daidaita rubutun Hausa, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa na Yamai na 1980.

An fitar da ƙa'idar C++ ta farko a 1998, aka ɗan gyara ta a 2003. Sa'an nan a 2011 aka yi mata babban garambawul, har masu sana'ar suka riƙa cewa kamar sabon harshe ne aka haifa. Tun daga nan duk bayan shekara uku ake fitar da sabuwa: ta 2014, da ta 2017, da ta 2020, da wadda ake kira ta 2023. Ana yi wa kowace laƙabi da shekararta, kamar C++98 da C++11 da C++17. Harshen C ma haka yake, yana da ƙa'idar 1989 da ta 1999 da ta 2011 da waɗanda suka biyo baya. To, duk tafintan da aka ƙera yana da shekarar haihuwa, kuma ba zai san abin da aka ƙirƙiro bayansa ba.

INDA GIZO YAKE SAƘA

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki abubuwa uku a matsayin abu guda. Na farko ita ce kwamfutar kanta, watau ƙarfe da allo da madannai. Na biyu shi ne zauren aiki, watau manhajar da ɗalibi yake buɗewa ya yi rubutu a cikinta, kamar Dev-C++ ko Code::Blocks. Na uku shi ne tafintan da ke zaune a bayan zauren, wanda ɗalibi ba ya ganinsa. Zauren ba ya fassara kome. Miƙa wa tafinta rubutu kawai yake yi, ya dawo da amsa. Idan aka ƙi karɓar sabon rubutu, to tafinta za a tuhuma kafin a tuhumi ƙarfe.

Tafintan da ya fi yawa a irin waɗannan zaurukan shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, kuma kyauta ake ba da shi. Masu kula da GCC suna da wata al'ada da ya kamata kowane malami ya sani. Idan sabuwar ƙa'ida ta fito, sukan koya wa tafintan ita, amma ba sa barinsa ya yi aiki da ita kai tsaye sai an nema. Dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne: akwai bankuna da kamfanoni da asibitoci masu tsofaffin manhajoji da aka rubuta da tsohuwar ƙa'ida, kuma bai kamata a wayi gari rana guda a tarar sun daina fassaruwa ba. Saboda haka ko da yake GCC mai lamba 4.8.1 na shekarar 2013 ya riga ya iya nahawun C++11 gaba ɗaya, idan ba a ce masa kome ba ƙa'idar 1998 yake bi. Sai a 2016, da GCC 6 ya fito, aka mai da ƙa'idar 2014 ta zama ita ce ta yau da kullum, a 2021 kuma GCC 11 ya koma ta 2017.

Yanzu mu dubi Dev-C++, zauren da ya shahara wajen masu koyo saboda ba shi da nauyi. Colin Laplace ne ya fara shi, kuma fitowarsa ta ƙarshe a hannun masu shi na asali ita ce mai lamba 4.9.9.2 ta shekarar 2005, ɗauke da GCC 3.4.2. A 2011 wani mai suna Johan Mes ya ɗauki aikin ya ci gaba da shi, har ya kai ga fitowa mai lamba 5.11 a 2015, ɗauke da GCC 4.9.2. A 2020 kamfanin Embarcadero ya sake farfaɗo da shi da tafinta na jerin GCC 9. Sunan duka guda ne, fuskarsu ma ta yi kama, amma abin da ke cikinsu ya bambanta ƙwarai. Na 2005 bai taɓa jin labarin C++11 ba. Na 2015 ya sani sarai, sai dai ya yi shiru yana jiran a tambaye shi. Wannan na biyun shi ne wanda ya fi sa ɗalibai zargin kansu a banza.

YADDA AKE BUƊE ƘOFAR

Mataki na farko shi ne a tambayi tafinta shekarunsa. A buɗe baƙin allon umarni a cikin jakar da tafintan yake, a rubuta g++ --version, zai faɗi lambarsa. Idan lambar ta kai 4.7 ko ta wuce, to yana amsa umarnin da ake rubutawa kamar haka: -std=c++11. Idan tsakanin 4.3 da 4.6 ne, sunan da ya sani shi ne -std=c++0x, kuma kaɗan daga cikin sababbin abubuwan zai iya. Idan bai kai 4.3 ba, babu maɓallin da zai taimaka.

Mataki na biyu shi ne a sa zauren ya riƙa isar da wannan umarni duk lokacin da zai kira tafinta. A cikin Dev-C++ 5.11, a shiga jerin da aka rubuta Tools a samansa, a zaɓi Compiler Options, a shiga Settings, sa'an nan Code Generation. A can ƙasa akwai layin zaɓen ƙa'idar harshe. A zaɓi ISO C++11, a amince. Akwai kuma wani fili a shafin farko na wannan taga inda mutum zai iya rubuta umarnin da hannunsa. A cikin Code::Blocks kuwa, a shiga Settings, a zaɓi Compiler, za a ga jerin akwatuna. A sa alama a wanda ya ambaci ƙa'idar da ake so. Bayan haka a sake fassara aikin gaba ɗaya daga tushe, kada a bar guntayen da aka fassara da tsohuwar ƙa'ida su gauraya da sababbi.

Mataki na uku shi ne a tabbatar ƙofar ta buɗu, domin matambayi ba ya ɓata. Tafinta yana ɗauke da wata lamba mai suna __cplusplus wadda ke faɗin ƙa'idar da yake bi a wannan lokaci. A rubuta ɗan gajeren umarni da zai buga ta a allo. Idan ta nuna 199711, har yanzu ana kan ta 1998. Idan ta nuna 201103, an shiga ta 2011. Lambar 201402 ta 2014 ce, 201703 kuwa ta 2017.

Masu koyon harshen C ma suna da irin wannan tuntuɓe. Duk littafin zamani yana barin mutum ya ƙirƙiri lambar ƙidaya a cikin bakin zagayen for, amma GCC 4.9.2 zai ƙi wannan sai an ce masa -std=c99 ko -std=c11, domin shi ƙa'idar 1989 yake bi idan an bar shi. GCC 5 na 2015 ne ya sauya wannan hali.

IDAN MAƁALLI BAI ISA BA

Kada mai karatu ya ɗauka wannan umarni tsafi ne. Ba ya ƙara wa tafinta ilmin da ba shi da shi; fito da wanda ke ciki kawai yake yi. Wanda ya rubuta -std=c++17 ga GCC 4.9.2, amsar da zai samu ita ce tafinta bai san wannan umarni ba, domin ƙa'idar 2017 tana bukatar GCC 7 ko wanda ya fi shi. Har ila yau, kowace ƙa'ida tana da ɓangare biyu, nahawun harshe da kuma rumbun kayan aiki da ke tafiya da shi, kuma wani lokaci nahawu yakan riga rumbu cika. Alal misali, GCC 4.8 ya iya nahawun C++11, amma kayan binciken rubutu da ake kira regex ba su yi aiki a cikinsa ba sai a GCC 4.9. Ɗalibin da bai san wannan ba zai yi ta neman kuskure a inda babu shi.

Idan tafinta ya tsufa haka, shi za a sauya, a bar kwamfutar a inda take. Mai Dev-C++ na 2005 ya cire shi ya sa na 2015 ko na Embarcadero, ko kuwa Code::Blocks mai lamba 20.03 na shekarar 2020, wanda ke zuwa da GCC 8.1. Dukansu kyauta ne, kuma suna tafiya a kwamfutar da ke ɗauke da Windows 7. Nauyin Dev-C++ 5.11 kimanin megabayit 50 ne. Idan mutum ɗaya ya sauko da shi a Kafanchan ya zuba a filash, ya isa a raba wa kowace makaranta daga Kagoro har Manchok ba tare da an sake kashe kuɗin data ba, kuma dokar waɗannan manhajoji ta halatta irin wannan rabo.

Akwai wani zaure da ya kamata a yi masa sallama gaba ɗaya, watau Turbo C++ na kamfanin Borland, mai shuɗin allo, wanda ya fito a 1990. Ya yi zamaninsa, ya kuma yi amfani, amma an haife shi kafin ƙa'idar farko ma ta 1998. Wanda ya koya a kansa zai saba da rubuta iostream.h da conio.h da void main, alhali kuwa tun 2008 GCC ya daina zuwa da iostream.h. Ranar da irin wannan ɗalibi ya zauna gaban tafintan zamani, layin farko na aikinsa ne zai fara faɗuwa.

Idan kuwa manhajar da ke tuƙa kwamfutar ce ta tsufa, nan ma akwai mafita. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, Windows 10 kuma a watan Oktoba na 2025, kuma masu ƙera kayan aiki sukan bi sawunsa su janye. Masu koyon harshen Python sun ga haka: fitowa mai lamba 3.4 ce ta ƙarshe da ke aiki a XP, mai lamba 3.8 kuma ta ƙarshe a Windows 7. A irin wannan hali ana iya ɗora wa kwamfutar Linux. Debian 12 na shekarar 2023 yana zuwa da GCC 12, kuma yana da nau'in da ke hawa tsofaffin kwamfutoci masu bit 32, abin da Debian 13 na 2025 ya daina yi. Da wannan, kwamfutar da ta shekara goma sha biyar tana iya fassara ƙa'idar 2017 ba tare da an roƙe ta ba.

ME YA SA ABIN YA DAME MU?

Wani malami zai iya cewa ai tushen guda ne: wanda ya iya zagaye da sharaɗi da jeri a tsohuwar ƙa'ida ya iya su a sabuwa, don haka babu gaggawa. Akwai gaskiya a maganarsa, domin tunani shi ne jarin mai haɗa manhaja, kuma tunani ba ya tsufa. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma halin da hannu ya saba da shi a shekarar farko yana da wuyar bari. Ga dalilai uku da suka sa jinkirin yake da tsada.

Na farko shi ne neman aiki. Yaron da ya tashi a Manchok, ranar da ya nemi aikin haɗa manhaja, da 'yan Legas da Nairobi da Bangalor zai yi gasa, kuma rubutun da za a shimfiɗa masa a jarrabawa cike yake da kalmomi irin su auto da nullptr, waɗanda ƙa'idar 2011 ta zo da ma'anarsu ta yanzu. A ƙarshen 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha. Wanda ya shiga irin wannan horo da ilmin 1998 a kansa, sai ya fara da warware abin da ya koya kafin ya ɗora sabo.

Na biyu shi ne tsaro. A tsohon salon C++, mai rubutu da kansa yake aron wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, da kansa kuma yake mayarwa. Idan ya manta bai mayar ba, ƙwaƙwalwa ta cika. Idan ya yi amfani da wurin bayan ya mayar, ya buɗe wa ɓarayi kafa. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaro da yake toshewa kowace shekara daga irin wannan kuskure na ƙwaƙwalwa suke fitowa. Ƙa'idar 2011 ta kawo kayan aiki irin su unique_ptr, waɗanda ke mayar da abin da aka ara da kansu idan an gama. Ba su kawar da haɗarin duka ba, amma sun rage shi ƙwarai. Wanda zai rubuta manhajar da za ta riƙe lissafin adashin mata ko na ƙungiyar manoman citta, dukiyar jama'a ce a hannunsa, kuma ya kamata a koya masa hanyar da ta fi aminci tun daga farko.

Na uku ya shafi harsunanmu. Hausa tana da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda tsofaffin tafiretoci ba su da su. Harshen Tyap, wanda yaren mutanen Moro'a yake cikin danginsa, yana rubuta a̱ da i̱ da layi a ƙarƙashinsu, kuma tun 2022 yana da nasa kundin Wikipedia. Duk waɗannan haruffa suna da gurbi a cikin tsarin Unicode da aka fara fitarwa a 1991. Ƙa'idar C++ ta 2011 ce ta fara tanadin tabbatacciyar hanyar rubuta irin wannan rubutu a tsarin UTF-8 cikin jikin manhaja. Wannan kaɗai ba zai sa haruffan su bayyana a allo ba, sai an haɗa da zanen haruffa mai ɗauke da su, amma mai zaune a gaban Turbo C++ ko kusa da wannan mataki ba zai zo ba. Idan muna son manhajar da za ta rubuta sunan Ɗanladi ko Ƙasimu daidai a rajistar makaranta, yaranmu ne za su rubuta ta, kuma sai da kayan da suka san waɗannan haruffa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Yankin yana da makarantun da za su iya jan ragamar wannan gyara. Akwai Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga kuma jami'ar tarayya da aka kafa a Kachia a 2025. Daga irin waɗannan wurare malaman sakandare da masu buɗe cibiyoyin koyon kwamfuta suke fitowa, kuma abin da aka nuna musu shi za su kai ƙauye.

Shawararmu ta farko ga malamai ce. Kowane malami ya rubuta a shafin farko na takardun darasinsa ƙa'idar da yake koyarwa, da lambar tafintan da ake bukata, da umarnin da za a ba shi. A darasin farko kuma, kafin a koyi kome, kowane ɗalibi ya buga lambar __cplusplus a allonsa ya ga inda yake tsaye.

Ta biyu ga shugabannin makarantu da masu cibiyoyi. Kafin a rubuta takardar neman kuɗin sababbin kwamfutoci, a sa mutum guda ya zagaya ɗakin na'urori da filash a hannu, ya duba tafintan kowace kwamfuta, ya daidaita su duka a kan lamba ɗaya. Kuɗin da aka tsimi ta wannan hanya ya fi amfani a wajen batir da faifan hasken rana, domin rashin wuta shi ne ciwon da filash ba ya warkarwa.

Ta uku ga hukumomin da ke tsara karatu, kamar hukumar ilmin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedkwata a Kaduna, da hukumar kwalejojin ilmi, NCCE. Duk inda tsarin karatu ya ambaci wani harshen kwamfuta, ya kamata ya ambaci shekarar ƙa'idarsa, a kuma riƙa duba wannan shekara lokaci-lokaci, domin masu jarrabawa da masu koyarwa su tsaya a kan magana guda.

Ta ƙarshe ga ɗalibai. Idan kwamfuta ta ƙi karɓar rubutunku, ku karanta ƙorafinta a tsanake kafin ku rufe littafi, domin sau da yawa a cikin ƙorafin nan take faɗin umarnin da take jira. Wanda ya gano hanyar kuma ya nuna wa na kusa da shi, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya sa su amfani ƙasarsu da shi, amin.